Farin Goshin Wule

Har yau ban gane abin da zai sa mutum da hankalinsa ya ɗauki abu mai ƙyalli ya kai a shafe masa shi da baƙin fenti ba. Na tambayi ƙanena Lukuman ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce, wai yayi ne. Wai a Gwarzo, inda yake da shagon kayan sola, duk saurayin da ya san kansa ya rufe silbar motarsa, har suna gare shi da Turanci, ni dai ban riƙe ba. Abokansa ne suka sa shi a gaba, suna cewa motarsa ta 'yan fansho ce, tana walƙiya kamar kwanukan jere. Shi kuwa Lukuman tun yana ƙarami ba ya jure tsokana.

Motar baƙa ce, 'yar Kwatano, ta ɗan kwana biyu a duniya. Amma a gabanta, tsakanin fitilun, akwai farin ƙarfe mai faɗi, shi muke ce wa silba. Wani siriri ya bi gefen gilasai, mariƙan ƙofa ma duk shi ne. In ta baro titin Kabo ta kamo hanyarmu ta Masanawa, tun kafin ka ji ƙararta za ka hango goshinta yana ɗaukar ido.

Ranar da ya fara kawo ta gida, mahaifinmu Baba Hammadu yana nan da hankalinsa garau. Baba makiyayi ne ɗan makiyayi, ko da yake mu da fartanya muka tashi, Fillancin ma ba mu gaji komai a ciki ba sai sunayen shanu. Ya zagaya motar, ya dafa gabanta, ya yi dariya ya ce, "Ashe Wule ce ta dawo."

Wule wata saniyarsa ce ta da, baƙa wuluk mai farin goshi. Jikokinta ne ƙarshen abin da aka sayar a garkenmu, a ciki ma aka tallafa wa Lukuman ya sayi motar. Kuma babu wanda ya taɓa zama a zaurenmu bai sha labarin Wule ba. Lokacin Lukuman bai fi tsayin sandar Baba ba, ya fita kiwo, barci ya ɗauke shi a gindin kaɗanya, ya farka babu Wule. Tsoro ya hana shi dawowa gida, sai washegari mahaifiyarmu Inna Yelwa ta tono shi a tsakiyar gonar dawa, yunwa ta kusa kayar da shi. Baba kuwa ya bi sawu kasuwa-kasuwa har ya iske saniyarsa a wata kara can yamma, ɓarayi sun shafe mata goshi da baƙin tukunya da ƙaro. Ya lashi babban yatsansa ya murza wurin, fari ya fito. A nan kullum yake ɗaga yatsan ya nuna wa baƙo, ya bar shi a sama har sai an ce masa sannu.

Daga baya tsufa ya fara kwashe wa Baba kaya ɗaya bayan ɗaya. Ranaku suka tafi, sunayen maƙwabta suka bi su. Yakan idar da salla ya tashi ya sake alwala. Ni Zinnira, babbar 'yarsa, da nake aure katanga ɗaya da su, nake wanke masa kaya nake dama masa koko, na koma Marka, wata ƙanwarsa da ta rasu tun ban yi wayo ba. Inna ce kawai ya riƙe, ita ma don kullum tana gabansa ne.

Amma Lukuman bai taɓa ɓace masa ba. Duk Juma'a bayan an sauko, Baba zai zauna a dakalin ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, ya zuba wa hanya ido. Da ya hango ƙyallin nan sai ya miƙe da sandarsa.

"Yelwa, ga Lukuman nan ya koro Wule!"

Lukuman zai fito ya durƙusa. Baba ya shafa gaban motar ya ce, "Ta sha ruwa?" Shi kuma ya ce, "Ta sha, Baba." Sai ya kama hannunsa su shiga gida tare. Ba zan ɓoye ba, abin yana ba ni haushi. Ni da nake wahalar yau da gobe an mai da ni matacciya, shi mai leƙowa sau ɗaya a mako shi ne mai suna. Amma ina ganin yadda fuskar Lukuman take yi in Baba ya ambace shi, sai in haɗiye haushina. Dukanmu mun ɗauka jini ne, ɗa namiji ɗaya tilo, uba ba ya mance shi. Ba wanda ya tambayi kansa ta ina Baba yake gane shi.

To, wata Juma'a a farkon damina sai ga wata aba ta shigo unguwa. Ina tsakar gida na ji ƙarar da na sani, na leƙo, na ga abin da ban sani ba. Baƙa tun daga hanci har wutsiya, babu ɗigon fari ko ɗaya, kamar an tsamo ta daga marina. Inna ta leƙo ta bayana ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Gobara ta yi?"

Lukuman ya fito yana washe baki, baƙin tabarau a ido, yana jira a yaba. Ya ce, "Yaya Zinnira, ya kika gani? Ta koma sabuwa ko?"

Na ce, "Wa ya mutu?"

Bai kula ni ba, ya nufi dakali. Baba yana zaune, bai motsa ba, idonsa na kan hanya. Lukuman ya durƙusa.

"Baba, barka da Juma'a."

Baba ya juyo ya dube shi da fara'a. "Barka kadai, Malam. An zo lafiya? Ya hanya? Ya iyali? Ya aka ji da ruwa?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla, madalla. Daga wane gari?"

Lukuman ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce. "Daga Gwarzo mana, Baba."

"Gwarzo! Garin albarka. Ya mutanen Gwarzo?"

Nan dariyar ta fara tsinkewa. Lukuman ya dube ni, na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Ya miƙe a sanyaye zai shige zaure, sai Baba ya sa sanda ya tare ƙofa, ba da faɗa ba, cikin mutunci.

"Malam, gidan nan ba a shiga, akwai iyali. Marka, shimfiɗa wa baƙo tabarma, ki kawo masa ruwa."

Haka ƙanena ya yini a ƙofar gidan ubansa da kofin ruwa a hannu. Da la'asar ya tashi ya tafi, Baba ya raka shi da addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Sannan ya koma ya zauna ya ci gaba da kallon hanyar, har aka kira magariba.

Daga nan muka shiga lalube. Inna ta ce gemun ne, don ya kai an zana masa shi kamar na 'yan ƙwallo. Ni na ce tabarau ne. Juma'ar da ta biyo ya zo babu tabarau, gemu a kwance kamar na da, har da tsohuwar shaddarsa ta salla da Baba ya sani. Baba ya tarbe shi da murna, ya ce, "A'a, baƙonmu na Gwarzo!" ya sa aka fito da tabarma. Inna ta karɓo rubutu aka ba Baba ya sha, aka ba Lukuman ma ya sha, don ba mu san a cikinsu wa ya fi buƙata ba. Muka kai Baba asibiti a Kabo, aka gwada jini aka haska ido, aka ce mana tsufa ne, mu yi haƙuri. Lukuman ya zo da farin goro irin wanda Baba yake so. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya juyo gare ni ya ce, "Mutumin nan akwai kirki. Ko ɗan gidan wa ne?"

Har ta kai in Lukuman yana son gaida Inna, sai ya zagaya ta gidana ya bi ta 'yar ƙofar da ke tsakaninmu, ya shige ɗakinta yana magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ya zo sata. Wata rana na same shi zaune a bakin gadonta, ƙaton mutum, yana murza hula a hannu.

Ya ce, "Yaya, ke ko Marka ce, ai yana barinki ki shiga. Ni me na yi masa?"

Raina ya ɓaci, tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan huce a kansa sai na fita na kori kaji. Mun duba mutumin nan tun daga hula har takalmi, ba wanda ya juya ya dubi abin da ya zo a ciki. Alhali duk yammacin Juma'a, motar tana tsaye a gabansa, Baba yana cewa, "Yaron nan ya yi yamma da saniyar nan." Mu kuwa muna cewa ai surutunsa ne na kullum.

Wata safiya na kai koko, babu Baba a ɗaki, babu shi a dakali. Sandarsa ba ta nan. Tsohuwar igiyar shanu da ke rataye a zaure tun zamanin garke, ita ma babu. Inna ta fito ko mayafi babu tana salati. Na ce ta koma, na kama hanya da gudu-gudu, ina tambayar masu zuwa gona. Wani ya ce ya ga tsoho ya yi gabas, wata ta ce a'a, yamma ya yi. Sai da na wuce gonakin masara, na kusa fita titi, sannan na hango shi. Ya sunkuya a tsakiyar hanya, igiya a kafaɗa, yana bin ƙasa da bakin sanda.

"Baba! Ina za ka?"

Ya ɗaga min hannu in yi shiru. "Marka, taka a hankali, kar ki ɓata min sawu. Ta nan aka kore ta."

Na duba. Sawun taya ne, ya bushe a cikin taɓo tun ruwan Juma'a.

"Wa aka kora, Baba?"

Ya dube ni kamar ni ce mai rikicin tsufan. "Wule mana. Tun ranar da baƙon nan ya fara zuwa ban ƙara sa ta a ido ba. Kuma yaron bai dawo ba."

Na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Ashe duk shekarun nan ba fuskar Lukuman yake gani ba. Farin goshin yake gani, sai ya san wanda ya koro shi. An shafe goshi, saniya ta ɓata, mai kiwonta ma ya ɓata tare da ita. Na lallaba shi muka juyo gida, yana tafe yana waiwaye. Muna isa na ɗauki waya na kira Lukuman, abin da na gaya masa kuwa ba zan maimaita shi a nan ba, don akwai wanda bai kamata babbar 'ya ta faɗa ba.

Washegari na hau mota na tafi Gwarzo da kaina. Lukuman ya kai ni wurin Badamasi mai fenti, wata rumfar kwano a bayan tasha, warin tina, ruwan nan mai narkar da fenti, kamar zai fasa kai. Mun same shi yana kan wata motar, ya lulluɓe ta da tsofaffin jaridu da salatif, ya bar farin ƙarfen kaɗai a waje, yana cin sa da samfefa. Ƙyallin yana zuba ƙasa kamar gari. Sai da na kau da kai.

Bayan gaisuwa na ce, "Malam Badamasi, so muke ka cire baƙin nan, ka mai da mana ita yadda take."

Ya ajiye samfefa. "Wani abu ya samu aikin ne, Hajiya? Ya tashi?"

"Aiki ya yi kyau," in ji Lukuman. "Babanmu ne yake neman saniyarsa."

"Allah sarki. Sata aka yi muku?"

Na ce, "Ba saniya ba ce, mota ce."

"Au, motar aka sace?"

"Ga ta nan a gabanka."

Badamasi ya dubi motar, ya dube ni, ya dubi Lukuman, ya cire hula ya sosa kai. "To, wace ce ta ɓata?"

Sai da muka zauna a benci na warware masa tun daga gindin kaɗanya. Da na gama ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya tashi ya ɗauko tsumma da kwalbar tina.

"Hajiya, bari in nuna miki da idonki, kar ki ce na ƙi ne. Silba ba ta riƙe fenti, santsi gare ta, in ka fesa haka nan kwana kaɗan zai fara ɓarewa. Dole sai ka ci ƙyallin da samfefa, ya yi kaushi, ka sa fentin ƙasa, sannan ka bi da baƙin. Na ce wa Lukuman akwai baƙar leda da ake mannawa, duk ranar da ya gaji sai a ɓare. Ya ce shi mai ɗorewa yake so."

Na juya na dubi Lukuman. Ya sami wani abin kallo a ƙasan takalminsa.

Badamasi ya goga tina a mariƙin ƙofar baya. Baƙin ya narke ya fita, abin da ya bayyana a ƙasa kuwa toka-toka ne, duk zane-zane, kamar gindin tsohuwar tukunya. Ya kawo fenti ruwan azurfa ya fesa a wani guntun ƙarfe, ya ɗaga shi a rana. Fari dai fari ne, amma a mace yake, ba ya mayar da haske ko kaɗan.

Ya ce, "Wannan ba zai ruɗi makiyayi ba. Sai dai a nemo wani gaban gaba ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Kuma irin motar nan ta tsufa, sai an tona."

Aka ba da cigiya a Kano. Yau a ce an samu, gobe a ce ba irinta ba ce, jibi a ce an samu amma a fashe. Mu kuwa a Masanawa muka koma gadi. Inna ta ɓoye takalman Baba, ya fita ba takalmi. Na ɓoye igiyar, ya yini bai ci abinci ba sai da na fito da ita. Ya rame, ya daina ba kowa labarin Wule, sai dai ya zauna da igiya a cinya yana kallon hanya. Lukuman ya gwada zuwa a kan babur, ko za a dace. Baba ya ce, "Baƙonmu, yau ina motar?" ya sa aka kawo tabarma.

Ranar da abin ya faru, Juma'a ce, an kwana biyu ana ruwa, hanyarmu duk ta zama tsakuwa da rami. Lukuman ya makara, sai bayan la'asar ya iso. Ya tsayar da motar tana fuskantar yamma, ya fito ya durƙusa, aka yi gaisuwar baƙunta kamar yadda aka saba. Ni ina bakin zaure ina tsince wake, Inna tana bayana.

Sai na ga Baba ya daina amsa gaisuwa. Ya ƙura wa gaban motar ido, ya karkata kai. Na bi inda yake kallo. Can sama, daf da bakin murfin inji, wani ɗan abu yana ƙyalli, bai fi ƙwayar gero ba. Tsakuwa ce ta daki wurin, kuma ashe lungu ne da samfefar Badamasi ba ta kai ba.

Baba ya miƙe. Ya tafi a hankali, yana wani ɗan sauti da harshe da na rabu da ji tun ina yarinya, irin wanda ake yi wa saniya don kar ta firgita. Ya dafa ta da hannun hagu. Ya lashi babban yatsansa na dama ya murza wurin. Bai fita ba. Ya sake lasa, ya sa farce. Fentin ya ɗago ya ɓare siriri kamar ɓawon albasa, farin ya buɗe ya kai faɗin yatsa, rana ta faɗa a kai.

Ya ce, "Wule."

Wake ya zube daga cinyata. Inna ta kama kafaɗata tana "Alhamdulillahi, alhamdulillahi." Lukuman ya taso da sauri har yana tuntuɓe, ya zube a gaban Baba.

"Baba, ni ne! Ka gan ta ko? Ni ne!"

Baba ya juyo. Fara'ar nan ta baƙunta babu ita. Ya gyara riƙon sanda.

"Kai ka shafa mata baƙi?"

Lukuman ya waiwayo. Ya dube ni. In ya ce e, ya zama ɓarawo. In ya ce a'a, ya yi wa ubansa ƙarya a ranar Juma'a. Ni ma kaina ya ɗaure, ban san lokacin da na tashi na shiga tsakaninsu ba.

"Baba, shi ya dawo da ita. Tun daga Gwarzo ya koro ta."

Baba ya daɗe yana dubansa. Sannan sandar ta sauka. Ya miƙa hannu biyu ya kama na Lukuman ya ɗaga shi tsaye, yana girgizawa.

"Ka yafe ni, Malam. Ashe duk zuwan nan da kake yi, ita kake kawo min, ni ban duba ba. Allah ya saka maka da alheri. Allah ya ba ka masu yi maka. Yelwa! A dama wa bawan Allahn nan fura, a zuba nono da yawa."

Ya sauke igiyar daga kafaɗa, ya durƙusa da ƙyar ya zura ta a ƙarƙashin bamba, ya ƙulla irin ƙullin da ba ya kwancewa sai mai shi ya so. Ya ja ɗaya bakin ya ɗaure a gindin darbejiya. Ya koma dakali, ya buga wurin da ke kusa da shi da tafin hannu. Lukuman ya zo ya zauna, ba a tabarma ba, a gefensa.

Inna ta kawo fura da kanta. Baba ya jira sai da baƙo ya sha, sannan ya matso ya rage murya, amma ina jin komai.

"Malam, tunda kai mai bin hanya ne, zan ba ka saƙo. Ina da yaro, Lukuman sunansa, shi yake kiwonta. Tun da aka kore ta bai dawo gida ba. Na san halinsa, tsoro yake ji, yana can ya ɓuya a wata gona da yunwa. In ka gan shi, ka ce masa an ga saniya. Ka ce ya dawo, ba zan taɓa shi ba. Ka ce masa ni ba saniyar ce ta hana ni barci ba."

Lukuman ya ajiye ƙwaryar a hankali.

Ya ce, "Zan gaya masa, Baba."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"Madalla. To, ɗan zauna tukuna, wataƙila ma yanzu ya ɓullo."

Ni dai kuka nake yi a fili, ban ma damu da in ɓoye ba. Lukuman ya laluba aljihu ya zaro makullin motar, ya miƙo min ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Na karɓa. Inna ta tsuguna tana tattara waken da ya zube. Su biyun kuwa suna nan a dakali, kafaɗa da kafaɗa, sun zuba wa hanya ido, suna jiran Lukuman.